Bargon haɗe-haɗe daga guntayen atamfa: tambayoyin masu fara koyo da amsoshinsu

Tun da na shimfiɗa bargon haɗe-haɗe a kan doguwar kujerar falona, duk wadda ta shigo sai ta ɗaga shi, ta juya bayansa, ta bi ɗinkin da yatsa, sannan tambayoyi su fara zuba. Wasu a gidan biki suke tare ni, wasu kuma 'yan matan da ke zuwa koyon keke ne a wurina nan Tudun Wada ta Kaduna. Da na ga tambayoyin ba sa wuce waɗannan, sai na tattara su wuri ɗaya. Na fi cewa "ke" domin mata suka fi tambaya, amma akwai ta wani tela a ciki, kuma tasa ce ma ta fi muhimmanci.

Anti, mene ne "gida" da kike ta ambata?

Bargo irin wannan hawa uku ne: fuska a sama, abin da ke ba da ɗumi a tsakiya, sai shafi a ƙasa. Fuskar ba yadi ɗaya ba ce. Ana ɗinka murabba'i ne masu girma ɗaya, kowanne daga ƙananan ƙyallaye, sannan a jera su a haɗe. Kowane murabba'i shi nake kira gida, ƙananan da ke cikinsa kuma ɗakuna. Ni na raɗa wa ɗalibaina sunan don mu fahimci juna, kuma ya zauna. Mai koyo ba bargo take farawa da shi ba, gida ɗaya tak take ɗinkawa. In ya fito daidai, sauran maimaici ne.

Wannan ba aikin Turawa ba ne?

Sunayen gidajen da ƙa'idar awonsu, i, yawancinsu daga Amurka da Ingila suka zo mana. Amma a ɗauki yadi biyu, a cusa auduga a tsakani, a bi da allura don kada audugar ta taru wuri ɗaya, wannan kam kakanninmu sun san shi tun kafin Bature ya sauka. Ki je Zariya ranar hawan Sallah ki dubi 'yan lifidi. Rigar nan mai kauri da ke jikin doki da mahayinsa, wadda aka yi don ta tare kibiya, ɗinkinta da na bargon nan uwa ɗaya uba ɗaya ne. A Sudan, mabiya Mahadi a shekarun 1880 jibba mai faci-faci suke sawa, har ta zama tutarsu. A Senegal har gobe 'yan Baye Fall, almajiran Shaihu Ibra Fall na ɗariƙar Muridiyya, da tufafin haɗe-haɗe masu launi iri-iri ake gane su. Matan Bangaladesh kuwa tsofaffin zannuwansu suke jerawa hawa-hawa su bi da ƙananan ɗinki.

A Amurkar ma ba matan masu kuɗi kaɗai suka riƙe sana'ar ba. Akwai wani ƙauye a jihar Alabama, Gee's Bend, na baƙaƙen fata jikokin bayi. Matansa da tsofaffin wandunan aikin gona da ragowar riguna suka riƙa ɗinka barguna don sanyi kawai. A 2002 aka baje bargunan a gidan adana kayan fasaha na Houston, daga can aka kai su New York, a 2006 kuma hukumar gidan waya ta ƙasar ta buga hotunansu a kan sarki. Ina son labarin nan saboda abu ɗaya: ba su da wani kayan aiki da ke ba ki da shi.

Ba za a ce tsumma na tara na ɗinka ba?

Za a ce, musamman in kin yi shi a hargitse. Mu nan faci alamar babu ce, ko da yake tarihi ya nuna Sayyidina Umar yana halifa yana sa riga mai faci. Abin da ke raba tsumma da ado shi ne tsari: launi ya maimaitu, kusurwa ta haɗu da kusurwa, guga ta kwanta. Wadda ta fara yi mini dariya a dangi, ita ce daga baya ta aiko da leda cike da ragowar ankon bikin 'yarta, wai a yi wa jikarta.

Da wane gida zan fara?

Da mai ɗaki 9. Ɗaki uku a jere, sahu uku, kamar allon dara da aka rage. Ki yanka murabba'i 9, kowanne inci 4 da rabi ta kowane gefe: 5 daga yadi mai duhu, 4 daga mai haske. Masu duhun su zauna a kusurwa huɗu da tsakiya, masu hasken su cike sauran gurabun. In kin gama haɗawa, gidan zai auna inci 12 da rabi. Rabin incin nan na gefe ɗinki ne zai cinye shi ranar da kika haɗa shi da maƙwabtansa, sai ya koma 12 cif.

Dalilin da ya sa nake nacewa a kansa: duk ɗinkinsa miƙaƙƙe ne, babu lanƙwasa, babu yankan karkace, kuma in kin yi kuskure nan take tef zai faɗa miki.

Wane kayan aiki zan saya?

Kusan babu. Almakashi mai kaifi wanda ba a yanka takarda da shi, tef, rula, fensir ko allin tela da aka feƙe bakinsa, fil, zare, reza don farkewa, da dutsen guga. Sai kwali mai tauri, irin na kwalin takalmi, da za ki yanka murabba'in inci 4 da rabi ya zama ma'auninki. Kwalin nan ki ba shi lokaci. Ki auna gefe huɗu, sannan ki auna daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangare biyu. In awon biyun bai zo ɗaya ba, ba murabba'i kika yanka ba, ki sake. Kuma bakin kwali yana cinyewa da yawan bin fensir, don haka bayan gida biyar ko shida ki yi sabo, ko ki yanka na roba daga murfin tsohon bokitin fenti.

Za ki ga a bidiyo suna gungura wata wuƙa mai kama da taya a kan tabarmar roba. Kamfanin Olfa na Japan ne ya fito da ita a 1979. Tana da sauri ƙwarai, amma duk bargunan da aka ɗinka kafin shekarar nan da almakashi da kwali aka yi su. Kada rashinta ya zaunar da ke.

Keken Butterfly ko tsohuwar Singer ta ƙafa sun wadatar, ba ruwanki da jiran wuta. Allura lamba 14 ta yi wa atamfa daidai.

A ina zan samu ƙyallaye a Kaduna?

Fara da ɗakinki. Kowace mace tana da ledar ragowar ɗinki da tela ya maido mata, ta cusa a ƙasan akwati. Bayan nan sai telolin unguwa, da na Kasuwar Barci inda kekuna ba sa hutawa. Cikin azumi da gabanin Babbar Sallah guntaye har tudu suke yi a ƙarƙashin tebur, yawanci shara ake kai su. Sai dai ki san lokacin zuwa. Tela ranar jajibere ko gaisuwa da ƙyar yake amsawa. Ki kai masa buhu tun farkon azumi, ki ce Malam don Allah a riƙa zuba mini a nan, ki dawo bayan Sallah da ɗan abin goro.

Yadi maras zane da za ki sa a gurbin haske, da na shafi, waɗannan kam saye za ki yi, a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ko ta Kawo. Yadi ɗaya na faɗin atamfa yana ba da ɗaki sama da 60 na inci 4 da rabi, kin ga ba abin tayar da hankali ba ne. A layin gwanjo kuma ki duba rigunan maza na auduga da zannuwan gado; bayan riga ɗaya babba yana fitar da ɗakuna da yawa.

Nakan yi tunanin iyayenmu da suka zauna Kakuri lokacin da masaƙu ke aiki dare da rana. Masaƙar Kaduna Textiles (KTL) ta fara tun 1957, su Arewa Textiles da United Nigerian Textiles (UNTL) suka biyo baya, garin nan ya yi suna da yadi. Yau yawancinsu sun yi shiru, atamfar da muke yankawa mafi yawanta daga waje take zuwa, kuma wannan ne ya jawo tambaya ta gaba.

Zan iya haɗa atamfa da shadda da leshi a gida ɗaya?

A gidanki na farko, a'a. Ki tsaya a kan auduga zalla, kuma masu kauri ɗaya. Auduga tana jin guga, in kin kwantar da ita ta kwanta, ba ta zamewa a ƙarƙashin ƙafar keke. Leshi ramuka ne da duwatsu. Shadda mai maiƙo tana santsi, kuma allura na barin huda a jikinta in kin farke. Yadi mai talewa kuwa, irin na doguwar rigar kanti, shi ne babban maƙiyi: kin yanka inci 4 da rabi, kafin ya fito daga keke ya zama 5.

Wahalar ita ce atamfa da yawa a kasuwa yanzu roba ce ko gaurayen roba da auduga, ido kuma ba ya rabewa koyaushe. Ki yanki ɗan ƙyalle kamar faɗin yatsa, ki riƙe da bakin almakashi, ki kusantar da ashana, a tsakar gida kusa da ruwa. Auduga tana ci da wuta da ƙaurin takarda, ta bar toka mai laushi da ke murjewa. Roba tana nannaɗewa tana gudun wutar, ta narke ta bar ɗan dunƙule baƙi mai tauri. Ni da tsada na koyi wannan. Na haɗa gida har 6, na ɗora dutsen gawayi da ya yi jajir, ɗakin tsakiya na ɗaya ya manne a gindin dutsen, ya bar mini taga.

In duk abin da kike da shi mai roba ne, ba laifi, ki haɗa roba da roba, ki rage zafin guga. Gaurayawar ce matsala.

Sai na wanke kafin na yanka?

Sai kin wanke. Sabuwar auduga tana tsukewa a wankin farko, tsohon zani kuwa ya riga ya gama tsukewarsa. In kika haɗa su ba wanki, ranar da bargon ya shiga ruwa sai ya tattare. Ga kuma zuba. Ja, shuɗi mai duhu da duk wani rinin gida su ne masu laifi. Ki jiƙa kowane launi a roba daban da ruwan ɗumi, ki jefa ɗan farin ƙyalle a ciki. In farin ya canja, ki yi ta ɗauraya har ruwan ya fito garau. Wanda ya ƙi dainawa bayan wanki uku, ki haƙura da shi ko da kuwa shi ya fi kyau. Bayan sun bushe ki goge, in da hali da ɗan sitaci, domin yadi mai ɗan tauri ya fi daɗin yanka.

Wajen yanka kuma ki ɗora kwalinki daidai da tafiyar zaren saƙa, wato gefensa ya bi gefen atamfar, kada ki karkata shi don cin wani fure. Bakin nan da ake rubuta sunan kamfani ki yanke shi ki zubar.

Hajiya, ni tela ne, shekarata 15 a kan keke. Na gwada gidan nan ya fito inci 12 maimakon 12 da rabi. Ina matsalar?

Malam, matsalar ƙwarewarka ce. Hannunka ya saba barin rara mai yawa a bakin ɗinki, rabin inci ko fiye, saboda mai riga zai iya dawowa ya ce a buɗa masa. A wannan aikin rarar ɗinki rubu'in inci ce, wato ƙananan layuka biyu a tef mai layi 8 cikin inci, kimanin milimita 6. Ba ƙari, ba ragi, kuma a kowane ɗinki.

Ga lissafin. A ce ka ƙara layi ɗaya kacal, ka yi uku maimakon biyu. Kowane ɗinki yadi biyu yake ci, na dama da na hagu, kenan ka yi asarar rubu'in inci a ɗinki guda. Sahu ɗaya ɗinki biyu ne, rabin inci ya tafi. Shi ne abin da ka gani a tef ɗinka. In ka jera gida 5, ɗinki 14 kenan daga gefe zuwa gefe, bargon ya rage da inci 3 da rabi. Wannan ma da sauƙi in duk ɗinkin haka ka yi su, bargo ne kawai zai ƙanƙance. Abin da ke kashe aiki shi ne wannan ɗinki layi biyu, wancan uku, na gaba biyu da rabi. Nan ne kusurwoyi ke ƙin gaisawa, kuma ba gugar da za ta sasanta su.

Maganin ba ya cin ko sisi. Sauke allura a hankali a kan tef, daidai layi na biyu daga bakinsa, ka manna salatif mai kauri ko ɗan kwali a farantin keken daidai inda bakin tef ɗin ya tsaya. Daga yau bakin yadi wannan katangar zai riƙa bi, idonka a kanta, ba a kan allura ba. Sannan ka gwada kafin ka taɓa yadin kirki: yanka ƙyalle uku masu faɗin inci 2 da rabi, haɗa su gefe da gefe, ka goge. Na tsakiyar ya auna inci 2 daidai, duka ukun kuma 6 da rabi. In ba haka ba, matsar da katangar ka sake.

Na lura 'yan matan da ba su taɓa hawa keke ba sun fi saurin kama wannan a kan teloli. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Amma tela in ya kama, ba mai kamo shi a sauri.

To yaya ake haɗawar, daga farko zuwa ƙarshe?

Ki jera ɗakunan 9 a kan tire ko tabarma yadda za su zauna. Ɗauki na farko da na biyu a sahun sama, fuska na kallon fuska, ki ɗinka gefe ɗaya. Ƙara na uku. Haka sahu na biyu da na uku. Yanzu kina da dogaye uku. Ki goge su yadda zan faɗa a ƙasa, sannan ki haɗa na sama da na tsakiya, ki ƙara na ƙasa.

Taƙin ɗinkin ya zama ƙanana, kamar 12 a cikin inci, domin ba a komawa baya a ɗaure bakin kowane ɗinki; wanda zai gitta ta kansa shi zai riƙe shi. Kada ki ja yadi ta baya, ki bar haƙoran keke su tafi da shi. In kina yin gidaje da yawa, ki riƙa tura biyu-biyu a jere ba tare da yanke zare ba, su fito kamar tutocin Mauludi, daga baya ki rarraba. Zare yana saura, lokaci ma haka.

Me ya sa kike cewa guga rabin aikin ce?

Saboda ita ke sa kusurwoyi su haɗu. A sahun sama da na ƙasa ki kwantar da rarar ɗinkin ta koma wajen ɗakuna masu duhu, wato waje. A sahun tsakiya ma wajen mai duhu, wanda a nan ciki ne. Kin ga ke nan rarar sama ta kalli gabas, ta ƙasanta ta kalli yamma. Da kin ɗora sahu kan sahu za ki ji da yatsa sun shige juna sun kulle, ba tudu. Nan za ki soka fil, ki ɗinka. Kwantarwa wajen duhu kuma tana hana inuwar rarar bayyana ta cikin farin yadi.

Gugar kanta ba irin ta kayan makaranta ba ce da ake turawa gaba da baya. Ɗorawa ake a danna, a ɗaga, a matsa gaba. Turawa tana miƙar da yadi ya karkace. In da dutsen gawayi kike, ki goge gindinsa da tsumma, ki shimfiɗa wani farin ƙyalle a kan aikin saboda toka.

Kusurwoyina sun kauce kaɗan. In farke?

Ki aje shi a kan gado, ki koma bakin ƙofa ki duba. In daga can ba ki gani ba, ki bar shi. In kina gani, ki farke wannan ɗinkin kaɗai, sau ɗaya. Farkewa ta uku yadi ya gaji, bakinsa ya zaizaye. Gidana na farko yana nan na mai da shi abin ɗaukar tukunya, ko kusurwa ɗaya ba ta haɗu ba, kuma bai hana shi aikinsa ba.

Atamfofina duk manyan furanni ne da launi barkatai. Yaya zan haɗa ba su yi faɗa ba?

Wannan ita ce matsalarmu da matan Amurka ba su cika fama da ita ba, don yadinsu ƙananan zane ne. Atamfa kuwa kowace sarauniya ce, ba ta son kishiya. Ki jera guda 9 daban-daban sai ido ya rasa inda zai sauka, tsarin gidan ya ɓace. Abin da nake yi: atamfa a gurbin duhu, yadi maras zane a gurbin haske. Fari yana saurin datti, musamman da ƙurar hunturu, don haka na fi son ruwan madara, ruwan toka mai haske ko ruwan ƙasa. Ko ki juya lissafin, baƙi ko shuɗi mai duhu ya zama fili, atamfa mai haske ta yi ta walƙiya a kansa.

Abin da ke fito da tsari ba launi ba ne, bambancin duhu da haske ne. Ja da kore launi biyu ne, amma sau da yawa nauyinsu ɗaya. Ki jera ɗakunan, ki ɗauki hoto da waya, ki mai da shi baƙi da fari. In allon daran ya fito a hoton, kin dace. In duk ya zama toka ɗaya, ki canja.

Kada kuma ki ji tausayin furen da almakashi zai raba biyu. Rabin fure a ɗaki yakan fi cikakkensa kyau.

Ba ni da keke. Da hannu zai yiwu?

Sosai. Ki ja layin rubu'in inci da fensir a bayan kowane ɗaki, ki bi shi da ƙananan taƙi, kina komawa baya sau ɗaya bayan kowane huɗu ko biyar, ki ƙulla a farko da ƙarshe. Wadda ta iya ɗinkin hula wannan wasa ne a wurinta.

Na gama gida ɗaya. Me zan yi da shi?

Ki kewaye shi da dogayen ƙyalle masu faɗin inci 2 da rabi, ya zama inci 16 da rabi, wato 16 bayan an ɗinke gefuna, rigar filon kujera ke nan. Ko jakar Islamiyya ta yara: gida ɗaya gaba, ɗaya baya. In kin ji daɗin aikin, gida 12, uku a faɗi huɗu a tsawo, suna ba da bargon jariri na inci 36 da 48. Ɗaki 108 ke nan, kada adadin ya tsorata ki, da yayyafi kogi kan cika. Ki auna kowane gida kafin haɗawa, duk su zama 12 da rabi.

Bayan mai ɗaki 9, sai wanne?

Log Kabin, wato bukkar gungume. Ya yi tashe a Amurka a shekarun 1860, zamanin yaƙin basasarsu, kuma bisa al'ada ɗakin tsakiyarsa ja ne, ana cewa murhun gida yake wakilta. Ana fara shi da murabba'i ɗaya, a riƙa kewaye shi da dogayen ƙyalle ɗaya bayan ɗaya, kullum ana juyawa ɓangare guda, gefe biyu masu haske, gefe biyu masu duhu. Tsakiya inci 3 da rabi, dogayen faɗin inci 2, zagaye uku, wato ƙyalle 12, zai ba ki gida daidai girman na farko. Na fi ƙaunarsa a kan kowanne saboda shi ke cinye siraran guntayen da teloli suka fi zubarwa, irin na gefen zani da bakin hannu. Sai dai yana da ɗinki da yawa, in rubu'in incinki bai zauna ba zai murɗe kamar an matse shi. Ki goge bayan kowane ƙyalle.

Masu kusurwa uku ki bar su sai na uku. Yankan karkace yana talewa. In lokacin ya yi, kada ki yanka su ɗai-ɗai: ɗora murabba'i biyu na inci 5 fuska da fuska, ja layi daga kusurwa zuwa kusurwa, ɗinka rubu'in inci a kowane gefen layin, sannan ki yanka a kan layin. Kin samu ɗaki biyu masu launi bibbiyu, ki datse su su koma 4 da rabi.

Me zan sa a tsakiya, kuma yaya hawa ukun za su riƙe juna?

Sanyin Kaduna na Disamba da Janairu ne, sauran shekara bargo mai kauri kaya ne kawai. Tsohon bargo marar nauyi, ko zannuwa biyu da suka yi laushi, sun isa. Ana samun fayiba ta shimfiɗa a wurin masu kayan kujera da labule, ki zaɓi siririya. Soso kam a'a, yana riƙe ruwa kuma yana marmashewa.

Shafi da na tsakiyar su fi fuskar da kamar inci 3 ta kowane gefe. Ki share tsakar ɗaki, ki shimfiɗa shafin bayansa na kallon sama, ki ja shi ya miƙe, ki ɗora na tsakiya, ki ɗora fuska. Daga tsakiya za ki fara kamawa da manyan taƙi ko fil mai kulle, kina shafawa zuwa waje. Hanya mafi sauƙi ga mai koyo ita ce ɗauri: zare mai kauri, a soka a fito a ƙulla sau biyu, a kowace mahaɗar ɗakuna. In da keke za ki bi, ki ƙara tsawon taƙi, ki sassauta dannin ƙafar, ki fara daga layin tsakiya, in ba haka ba hawan sama zai riƙa gudu ya bar na ƙasa. A ƙarshe ki datse gefuna, ki yanka dogon ƙyalle mai faɗin inci 2 da rabi, ki ninka biyu, ki ɗinka ta fuska, ki kalmaso shi baya ki kama da hannu.

Ana samun kuɗi da shi?

Ana samu, amma ba a babban bargo ba, aƙalla ba da farko ba. Na gado mai faɗi yana cin makonni, mai saye kuma zai gwada kuɗinsa da na bargon kanti. Ƙananan abubuwa suka fi tafiya: rigar filo, jaka, shimfiɗar jariri don kai wa gidan suna. Wanda na ga mutane ba sa ja-in-ja a kan kuɗinsa shi ne wanda aka yi da kayansu, ragowar anko ko zannuwan mahaifiya da ta rasu. Irin wannan in an kawo miki, ki tambayi mai shi wanne ne ba ta so a yanka kafin ki ɗauki almakashi.

Yaya zan wanke shi?

Da ruwan sanyi da sabulu kaɗan, a babbar roba, matsawa ba cuɗa ba. Kada ki murɗe. Ki shanya shi a inuwa, bayansa a sama, a kan igiya biyu ko uku don nauyin ruwa kada ya ja ɗinkin. Kuma kada ki ba wa mai wanki da guga ba tare da kin gaya masa ba a bugunsa a dutse.